Kwana goman da suka ɓata a kan allo

Assalamu alaikum ɗana,

Saƙonka ya iso ni tun shekaranjiya, kuma sau uku na karanta shi. A karon farko dariya na yi har ƙanwarka ta leƙo tana tambayar ko lafiya. A na uku ne jikina ya yi sanyi. Tambayoyin ba su da laifi ko kaɗan: wa ya ce shekara ta fara daga Janairu, me ya sa mako ya tsaya a kwana bakwai bai kai goma ba, me ya sa lissafin mutanen Habasha yake baya da shekara bakwai ko takwas. Matambayi ba ya ɓata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne layinka na ƙarshe, inda ka ce ashe duk lissafin kwanakin nan mutane ne suka zauna suka ƙirƙira, don haka ba ka ga abin da zai sa mutum ya ɗaure kansa da wata rana ba. Wannan maganar ce ta sa na nemo tabarau na zauna.

Ni ma na taɓa tsayawa inda kake tsaye, ina ɗan shekara goma sha biyu.

Wata rana da azahar, zafi ya sa rabin aji suna gyangyaɗi, malaminmu na tarihi ya shigo bai ce uffan ba. Dogo ne, kullum hannun rigarsa fari fat da ƙurar alli. Ya juya ya rubuta layi biyu a kan allo. Na sama: Alhamis, 4 ga Oktoba, 1582. Na ƙasa: Juma'a, 15 ga Oktoba, 1582. Sai ya kaɗe hannunsa ya ce mutanen Italiya da Sifaniya da Fotugal sun kwanta barci a layin sama, suka wayi gari a layin ƙasa. Nan take gyangyaɗi ya watse. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, to waɗanda aka haifa ranar 10 ga watan fa? Malam ya ce a waɗannan ƙasashe ba a haifi kowa ranar ba, ba wanda ya mutu, ba a ɗaura ko aure ɗaya ba, domin ranar ba ta zo ba. Fafaroma Giregori na 13 ne ya ba da umarni a tsallake. Yana shirin yin bayani aka kaɗa ƙararrawa, ya ce sai gobe.

Na kama hanyar gida ina ƙirga yatsu. A tunanina na yaro, an zare wa bayin Allah kwana goma daga rayuwarsu, kuma idan mutum ɗaya zai iya yin haka da alƙalami, to ba abin da ke tsaye a duniya. Ko abinci na kasa ci. Kakanmu, ni da mahaifiyarka, yana zaune a inuwar bango, idonsa ya riga ya yi rauni amma kunnensa ba ya kuskure. Daga jin takuna ya ce, "Zo nan, yau tafiyarka ba ta mai lafiya ba ce." Na zayyana masa komai, muryata tana rawa.

Akwai wata kalanda da aka ba mahaifinmu a wurin aiki, irin mai ganye ɗaya kowace rana, rataye a ƙusa. Aikina ne in cire ganye ɗaya kowace safiya, kuma ina ji da wannan aiki. Kaka ya ce in ɗauko ta. Na ɗauko. Ya ce in cire goma. Na tsaya ina kallonsa don tsoron faɗan Baba, ya ce shi zai amsa. Na cire, na zuba masa a tafin hannu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa har ya tabbatar goma ne cif. Sannan ya ce in je in duba inuwar bangon nan, ko ta gusa. Na duba, tana nan inda take. Ya ce, "Yunwar kwana goma kake ji yanzu?" Na ce a'a. Ya kamo hannuna ya ɗora a gemunsa ya ce in ji ko ya ƙara tsawo.

Na fara dariya, hawaye bai gama bushewa ba. Sai ya tambaye ni wace rana suka kwanta. Na ce Alhamis. Wace rana suka tashi? Na ce Juma'a. Ya jinjina kai ya ce, "To ai mutanen nan sun san abin da suke yi. Lamba suka taɓa, sun bar rana a inda Mai ita ya ajiye ta." Ni da na kwafe layukan nan biyu a littafina ban lura da haka ba, shi da bai taɓa zama a aji ba ya kama shi daga ji ɗaya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Daga nan fuskarsa ta canja. Ya ce gobe in tambayi malam abu ɗaya: wanda ya ci bashi ya yi alkawarin biya ranar goma ga wannan wata, yaushe ya biya? Ya ce a nan maganar take, sauran duk surutu ne. Kuma bai bar ni na zubar da ganyen nan ba. Ya sa na jera su bi da bi, ya danne da ɗan dutse a kan taga, ya ce kowace safiya in ɗauki ɗaya kawai in jefar. "Ranakun nan ba su zo ba tukuna," in ji shi, "kuma kowace a cikinsu akwai mai jiran ta."

Washegari malam ya yi mana bayanin. Kalandar da Yuliyas Kaisar, shugaban Rum ta dā, ya kafa ta ɗauki shekara a kan kwana 365 da kwata, alhali shekarar rana ta gaza haka da kamar minti 11. Minti 11 ba komai ba ne a ido, amma duk shekara 128 sai su taru su zama kwana guda, har lissafin takarda ya rabu da damina da rani na gaskiya. Shi ya sa aka tsallake kwana goma, aka kuma sa doka cewa shekarun cikar ƙarni ba za su sami ƙarin kwana a Fabrairu ba sai wadda 400 ta raba ta daidai. Ka ga 1900 ba ta samu ba, 2000 ta samu. Da na kawo tambayar Kaka, malam ya yi shiru yana juya alli a hannu, ya ce tunda yake koyar da darasin nan ba a taɓa yi masa tambayar da ta kai wannan ba.

Sai da na girma na ci karo da amsar a karatu, kuma wallahi ranar na yi kewar tsohon nan. Takardar umarnin Fafaroma da kanta ta ce kada a cuci kowa a biyan wata ko na shekara, alƙalai su ƙara wa mai biya kwana goman a ƙarshen wa'adinsa. Ingila ta ƙi bin gyaran har 1752, lokacin kuskuren ya kai kwana 11, suka tashi daga Laraba 2 ga Satumba zuwa Alhamis 14. Su ma dokarsu ta ce haya da bashi sai sun cika kwanakinsu na asali. Kafin lokacin kuwa shekarar hukuma a Ingila daga 25 ga Maris take farawa, kuma burbushin wannan bai gushe ba, don har gobe shekarar harajinsu 6 ga Afrilu take kamawa. Ko lissafin Hijira, malaman tarihi sun ruwaito cewa an kawo wa Sayyidina Umar takardar bashi da aka rubuta za a biya a Sha'aban, ya ce wane Sha'aban, na bara, na bana, ko na baɗi? Daga irin wannan ne aka yi shawara wajen shekara ta 17 bayan hijira, aka tsayar da ƙirga daga shekarar da ta zo daidai da 622. Duk inda ka tono asalin kalanda, sai ka tarar da mutum biyu da alkawari a tsakaninsu.

Janairu kuwa labarinsa gajere ne. Tsohuwar shekarar Rumawa daga Maris take tashi, shi ya sa Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba suke ɗauke da ma'anar bakwai, takwas, tara da goma a harshensu, ko da yake yanzu su ne na tara zuwa na sha biyu. A shekara ta 153 kafin haihuwar Annabi Isa, yaƙi ya taso musu a Sifaniya, suka matso da ranar kama aikin shugabanninsu zuwa 1 ga Janairu, abin ya zauna. Amma ka ji abin da ya fi wannan muhimmanci. A wancan zamani limaman Rum ne ke da ikon cusa ƙarin wata a shekara don ta daidaita, sai suka mayar da shi abin son rai: su tsawaita shekara in nasu ne a kan mulki, su ƙi ƙarawa in ba nasu ba ne. Kafin a farga kalanda ta kauce da kusan wata uku. Da Kaisar ya zo gyara a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa, sai da ya ja shekarar ta kai kwana 445. Lissafin ɗan Adam ne, haka ne, kuma da masu riƙe da shi suka ci amana ka ga inda ya kai gari guda.

To ka ce ƙirƙira ce. Ban musa ba. Harshen da nake rubuta maka da shi ma ba daga ƙasa ya tsiro ba, haka ma ma'aunin da ake auna hatsi da shi a ko'ina cikin duniya. Kaka yakan ce igiyar guga mutum ne ya tufka ta, amma wanda ya raina ta da ƙishi zai kwana. Mahaifiyarmu kuma, Allah ya jiƙanta, in ta ji ɗayanmu ya kwaso rabin magana yana cika baki, sai ta ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ba zagi nake yi ba, ɗana. Ka karanta gaskiya, sai dai ka tsaya a tsakiyar hanya ka yanke hukunci.

Abin da ke ba ni takaici da zamanin nan ke nan. Mu da muka tashi da kalanda ɗaya a gida, wani gidan ma babu, in mutum ya ce zai zo ranar Talata, to ranar Talata za ka ji sallamarsa ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ku kowa na yawo da waya a aljihu mai nuna rana da sa'a har da daƙiƙa, amma "ina nan tafe" ta zama maganar da ba ta da ranar cika. Laifin ba naku ba ne ku kaɗai, mu ma mun yi sake, mun koya muku karanta agogo ba mu zaunar da ku mun gaya muku abin da ake riƙewa da shi ba. Ban so in faɗa ba, amma mahaifiyarka ta gaya mini sau biyu kana yanka mata rana tana shiri, ranar ta zo ta wuce. Ba ta yi ƙorafi ba, cikin hira ta ambata, sai dai na san muryar ƙanwata. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Lissafin mutanen Habasha kuwa ba wuya. Wata 12 suke da su masu kwana 30, da ɗan ƙaramin wata na 13 mai kwana biyar ko shida, tsarin da ya samo tushe daga Masar ta dā. Sabuwar shekararsu a Satumba take, kuma lissafinsu na shekarar haihuwar Annabi Isa ya bambanta da na cocin Rum, shi ya sa sai a Satumban 2007 suka yi bikin shiga shekara ta 2000. Ba a baya suke ba, daga wani wuri dabam suka fara ƙirga.

Maganar mako ita ce mai tsawo, akwai ta Babila da taurari bakwai masu tafiya, akwai ta littattafan addini, wannan sai mun zauna. Abin da zan gaya maka yanzu shi ne an gwada karya shi. Bayan juyin juya halin Faransa, a 1793, suka mayar da mako kwana goma, hutu sau ɗaya a goma, har yini suka raba sa'a goma. Talaka bai karɓa ba, sarkinsu Napoliyon ya soke kalandar daga farkon 1806. Tarayyar Sobiyet ta gwada mako mai kwana biyar a 1929, aka raba ma'aikata rukuni biyar, kowane da ranar hutunsa, don kada injin ya tsaya. Sai ga miji yana hutu yau, matarsa sai jibi, abokai ba sa haɗuwa, gida ba ya cika. Suka koma shida, a 1940 suka dawo bakwai. Gwamnatoci ne masu sojoji da kurkuku, kuma abin ya gagare su.

Hannuna ya gaji, sauran sai ka zo. Akwai labarin matuƙan jirgin ruwan da suka kewaye duniya suka dawo a 1522, littafinsu na cewa Laraba mutanen tudu na cewa Alhamis, alhali ba su tsallake rubuta ko kwana ɗaya ba. Wannan sai da lemo da fitila a hannu zan iya nuna maka yadda ya faru. Ka fara zuwa wurin mahaifiyarka tukuna, sannan ka rubuto mini ranar da za ka zo, da sunanta da lambarta. Ka gaishe min da mutanen gida.

Kawunka.