Tambayi Kawu: Ina Waƙoƙin Muryar Sahel Suka Shiga?

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Babana tsohon direba ne a nan Tawa. Duk sa'ad da na kunna kiɗa a waya sai ya ce mu ba mu san rediyo ba, wai daɗinsa ya tafi tun zamanin Kountché. Gaskiya ne, ko kewar ƙuruciya ce? Kuma ina zan samo masa waƙoƙin da yake nufi? Daga 'yarka a Tawa.

Amsa: 'Yata, ki gaida mini babanki, ki ce masa ina bayansa. Gidan rediyon ƙasar Nijar ya soma aiki a 1958, aka raɗa masa suna Muryar Sahel a 1974, kuma har shekarun 1990, da tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani suka buɗe, shi kaɗai muke da shi a cikin gida. Waƙar da aka saka a Yamai, ita mai shayi yake ji a tashar Tawa, ita soja yake ji a Agadas. Washegari kowa na rera ta. Makaɗi ma can yake zuwa a ɗauki muryarsa. A can Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa na kiɗan piyanon lantarki a 1978, wanda aka yi ta sakawa tsakanin shiri da shiri.

Ni zaɓi sonka ne yake tsaya mini a rai. Ka rubuta wasiƙa, ka jera sunayen dangi da abokai har da wadda kake so ba ka iya faɗa mata ba, ka kai gidan waya, ka yi ta jira. Ranar da mai gabatarwa ya karanto sunanka, unguwa duka ta ji. Pil in ya yi sanyi mu shanya shi a rana. Da dare mu murɗa gajeren zango mu kamo Shata daga Kaduna, ko kiɗan Kwango a Africa N°1, da ta fara watsa shiri daga Gabon a 1981.

Abu ɗaya dai zan ƙara wa babanki: gidan na gwamnati ne, makaɗin da bai yi musu ba ba a jin sa. Tashoshi masu zaman kansu ne suka buɗe wa yara ƙofa.

Batun nema, ki fara da akwatin babanki, direbobi ba sa rabuwa da kaset. Ki kai a juye miki su a waya da wuri, don zafi yana cinye zaren. Kiɗan Mamman Sani kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, yana intanet. Ki nemi kuma Saadou Bori da Moussa Poussy, da makaɗan gasar Dan Gourmou, wadda aka fara a garinku a 1987. In kin shigo Yamai, ki leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta Elhadji Taya ki tambaya.