Ƙyauren da ke jan ƙasa

Wai me ya sa ƙyauren da ka yi wa lambun kawunka yake jan ƙasa, sati 2 bai cika ba? Ai ba sai na je na gani ba. Ka haɗa katako huɗu, ka buga kwano a kai, ka ce ka yi ƙyaure. Ina tokarinsa? Katako ɗaya ake gicciyawa, gindinsa a ƙasa ta wajen hinji, kansa a sama ta wajen sakata. In ka juya shi, nauyin duk ya koma kan ƙusa, ita kuwa saki za ta yi. Awo da yanka ba zan ɓata bakina ba. Wanda ya shekara a rumfar nan bai iya riƙe zarto ba, ya je ya kama tallan rake.

Amma ni ba tokarin ne ya fi damuna ba, dirkar da ka rataya shi ce. Ajiye wayar nan ka saurara, ku yaran yanzu kunnenku yana cikin aljihu.

A 2016, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, wani mai lambu a wajen Kadawa ya sa ni aikin ƙyaure biyu. Ya yi darni mai kyau da kara da ƙaya, awaki ke shiga ta bakin hanya. Na ce a samo kirya, ko azarar giginya, don gara ba ta samun yadda take so da su. Ya ce tsada. Ya sa aka saro ɗanyar dalbejiya, ruwa na tsatsafowa a jikinta. Na ce to, a bar ta ta sha iska, a babbaka gindin, a shafe shi da baƙin mai, rami kuma ƙafa 2, a daddanne da tsakuwa. Ya ce yaransa za su haƙa, ba sai ya biya ni kuɗin haƙa ba. Kuskurena ke nan, na yarda. Katako da hinji da kwaɗo da kuɗina na sayo a Na'ibawa, har da na mota, wai sai an ɗebi tumatir ya sallame ni. Har da su "Malam, ai mu 'yan uwa ne."

Ramin da suka haƙa, wallahi hannuna na zura, bai kai gwiwar hannu ba. Na yi magana, ya ce rana na yi, a kafa kawai. Ƙasar lambu kullum cikin ban ruwa take, ta yi laushi. Cikin wata guda dirka ta karkata, ƙyaure ya buɗe baki, ɗan akuya na wucewa ba ya ko sunkuyawa.

Sai ga tsutsa. Kowa a yankin ya san abin da ya ci tumatir a shekarar, ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, har lambunan da ko kaza ba ta shiga. Amma bawan Allahn nan ya kai ni gaban mai unguwa, wai ƙyaurena ne ya sa awaki suka cinye masa dukiya! Ni da mutane ke zuwa nema daga Kura har Garun Malam, aka tsugunar da ni ana tambayata ko na iya aiki. Aka ce a yi haƙuri, a yafi juna. Ya yafe me? Ko sisi ban karɓa ba. Bayan Sallah na bi ta ƙofar gidansa, sai ga hinjina a jikin ƙofar turken shanunsa. Na gane su, ni na huda ramin na uku da hannuna. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a shi ke fara miƙo hannu.

Tun daga ranar ba na rataya ƙyaure a dirkar da ba ni na kafa ba, kuma kuɗin kaya a hannu kafin in taɓa guduma. Ko kawunka ne.

Faɗinsa nawa ka yi ma? In ya wuce ƙafa 4 ka yi haɗama, raba shi biyu. Ka kuma ɗaga shi daga ƙasa kamar yatsa huɗu. Idan babu kuɗin hinji, yanki tsohuwar taya ya fi wannan na gwangwanin da kuke sayowa.

Ɗauki diga ka je ka tone dirkar. Da la'asar zan zo in zura hannu a ramin.