Injiniyan ƙarafa da aikin gwamnati a harkar ma'adinai

Malam, ka ce ka gama digirin injiniyan ƙarafa, kana tambaya ko gwamnati na da gurbi a harkar ma'adinai. Akwai. A nan Jos ga cibiyar NMDC, wato cibiyar bunƙasa fasahar sarrafa ƙarafa ta ƙasa, a kan titin Zariya, aikinta gwada ma'adinai irin kuza da kwalambait da binciken hanyar tace su. A Abuja kuma ga Ma'aikatar Ma'adinai da hukumar NGSA mai binciken duwatsu da albarkatun ƙarƙashin ƙasa.

Sharaɗin dai shi ne hannunka ya san aikin. A wurin tantancewa, wanda ya taɓa niƙa dutse, ya tankaɗe, ya auna yawan kuzar da ke ciki, ya fi mai takarda zalla samun shiga. Don haka ka yi ƙoƙari hidimar ƙasarka ta faɗa ɗakin gwaji ko filin haƙa, ko da alawus ɗin bai taka kara ya karya ba.