Ɓarawon wuta yana cikin motar

Jiya muna rufe garaji ka tambaye ni abin da ya sa motar likitan nan ta ƙi tashi bayan ya yi wata biyu a Yamai, alhali batir ɗinta bai cika shekara ba, kuma ba wanda ya taɓa ta. Na ce maka sai da safe, don tambayar ta fama mini wani tsohon miki. Aje wayar nan ka zauna, yaro.

Ka daina ɗauka cewa mota ta mutu don ka zare lakile. Wannan zancen Peugeot 504 ne, wadda muka koyi aiki a kanta. Ita kana kashe kontak, in ka ɗauke agogo, ba abin da ke shan wuta. Motocin yanzu barcin zomo suke yi, ido a buɗe. Kalkilater, wato kwamfutar motar, yana riƙe da abin da ya haddace, alam tana gadi, rediyo yana riƙe da tashoshinsa, na'urar ƙofa kuma tana sauraron makulli dare da rana. Mota mai lafiya, in ta yi barci sosai, tana shan wuta miliamfa 20 zuwa 50, miliamfa dubu ne amfa ɗaya. Ka ɗauki 50 ka buga da awa 24, amfa-awa 1.2 ke nan kullum, a wata guda 36. Batir ɗin likita mai amfa-awa 60 ne. Sai ka ɗora zafin Tawa a kai. Batir ko a ƙasa ka aje shi ba waya, yana zubar da cajinsa da kansa, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi zubarwar kusan ninkawa take yi. Mu nan a Afrilu da Mayu sama da 40 muke sha, motar kuma a tsakar gida ya bar ta, ba ko rumfa. Cikakken batir bolt 12.6 yake nunawa. In ya sauka ƙasa da 12 ya yi makonni a haka, gishirin silfat ya daskare a jikin farantan, ko ka kwana kana masa caji ba zai koma yadda yake ba.

Wannan lissafin da na ba ka kyauta, ni da jaka 400 da ɗoriya na saye shi.

Akwai wani ɗan kasuwa a garin nan, cikin Adarawan da ke zirga-zirgar Abijan. Land Cruiser gare shi, yakan aje ta wata uku ko huɗu ya tafi. Wata dawowa ya tarar ko fitilar tabulo ba ta kamawa, aka jawo mini ita. Sau uku na tambaye shi, na ce, Alhaji, an ƙara wa motar nan wani abu bayan an sayo ta? Rediyo, alam, fitila, ko me? Ya dafa ƙirji ya ce yadda ta sauko daga jirgin ruwa haka take. Na auna altanater, 14.2, lafiya lau. Na aika Ƙonni aka kawo mini batir mai 100, na ɗaura, na ce masa in ya mutu kafin wata shida ni zan biya. A nan na yanka kaina. Ban auna abin da motar ke sha a kashe ba. Mutum yana zaune a kan kujerata yana duban agogo, yana cewa baƙi na jiransa, ni kuma na ji nauyin in ce wa babban mutum ya ƙara awa guda. Rantsuwarsa na auna maimakon motarsa.

Kwana 18 ya aiko, batir ya mutu. Ya ce jabu na sayar masa, a gaban mutane ya faɗa. Na haɗiye, na ba shi wani daga aljihuna, na zargi mai kantin da ban taɓa samun matsala da kayansa ba. Har yau ina jin kunyar bawan Allahn nan. Alhaji ya koma Abijan. Bayan wata biyu samarin gidansa za su biki Abalak, mota ta ƙi, suka tare wani kamiyo a hanya ya ba su wuta. Kamiyo batir biyu ne a jere, 24 yake bayarwa, su kuma suka kama daga wancan ƙarshe zuwa wannan ƙarshe suka zuba wa mota mai 12. Kalkilater ya ƙone, diyod ɗin altanater suka tafi, har tabulo bai tsira ba. Wa aka kira? Ni. Wai ni ne na ƙarshe da ya taɓa wutar motar.

Ranar na ce ko zan kwana a kanta sai na gani. Na ɗaura batir ɗin garaji na auna, bayan na cire duk abin da ya ƙone, allura ta tsaya a 250. Miliamfa 250, amfa-awa 6 a kwana. Ka buga da 18 ka ga ko bai cinye batir mai 100 ba. Na kwance ƙasan sitiyari, sai ga na'urar GPS ta bin sawu, da rele, wato makunnin da wuta ke kamawa, na yanke mai, an murɗa wayoyinsu da hannu a kan layin da ba ya mutuwa, an naɗe da sikoci. Relen a kame yake dare da rana, har da ɗumi. Motar ba ta da laifin komi. Alhaji da kansa ya sa aka ɗaura a ɓoye don ya riƙa bin sawun direbansa, ya ɓoye mini don direban yana shan shayi a garajina. Da na nuna masa, ko gezau. Ya ce ai wannan ɗan abin bai kai kwalin ashana ba, ina zai sha batir?

Aka kai magana gaban dattawa. Shi Alhaji ne mai kyautar buhu da azumi, ni mai baƙin mai a riga. Aka ce a yi sulhu, in ɗauki batir biyu da rabin kuɗin kalkilater, wanda sai daga Yamai aka samo shi, tafiyar kilomita sama da 500. Kuɗin kwanon rufin ɗakin uwargida ne suka tafi, damina biyu tana tara ruwa a roba. Har gobe in ya wuce ta nan yana danna mini oda, ni kuma in ɗaga hannu don Allah ya ce a amsa sallama.

Yadda ake ɗaura miltimeta a layin mas, wato wayar batir da ke ɗaure a jikin mota, ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma wankin tayu. Abin da ke kayar da ku shi ne gaggawa. Ku ɗaura, ku ga amfa biyu, ku hau ihun kun kama ɓarawo, alhali motar ba ta kwanta ba tukuna. Wata minti 10 ta ishe ta, wata sai ta haura rabin awa. Ka buɗe ƙofa da kapo, ka danna makullansu da sukurdireba don ta zaci a rufe take, ka kai makullin motar nesa. Irin wanda ba a zura shi, in yana kusa, tashinta yake ta yi. Na ga gidan da ake rataye makulli a ƙusa daf da taga, motar tana bayan tagar, suna canza batir duk shekara suna zagin ƴan kasuwa. Kada ka yi ta zare fizibil, wato fis, ɗaya bayan ɗaya, kowace zara da mayarwa tashin wani kalkilater ne, ka koma jira daga farko. Ka auna milibolt a bayan kowane fizibil yana wurinsa, wanda wuta ke bi ta cikinsa zai nuna. In duk sun yi shiru kuma shan bai tsaya ba, cire babbar wayar altanater, diyod ɗaya in ya huje wuta baya take komawa. Ka duba fitilar kofur. Ka goge saman batir, ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin asid hanyar wuta ce tsakanin kos biyu, wato kawunan batir inda ake ɗaura waya.

Ku yaran yanzu kun fi son ku soka valiz, na'urar nan mai karanta kalkilater, ta rubuto muku amsa, ku ɗauki hoto ku sa a TikTok. Valiz ba ta san an murɗa waya a ƙasan sitiyari ba. Kuma ranar da na sake ganin ɗayanku ya zare kos mota tana aiki, wai yana gwada altanater, ranar zai kwashe kayansa. A 504 mun yi, ba ta da kalkilater. A ta yanzu wutar tsalle take yi ta faɗa kan kalkilater.

In likita ya zo, ka gaya masa ko ya sa maigadinsa ya riƙa tashinta minti 10 kowace safiya, ba zai cika batir ba. Ko a fita da ita titi minti 30 zuwa 40 duk mako, ko a cika batir a cire kos ɗin mas, ko ya sayi ƙaramin panno mai regilater, rana ai ba mu rasa ta ba. In an cire kos, ya sani agogo da tashoshi za su goge, wani rediyon ma sai da lambar sirri. Ka duba ko motarsa irin mai kashe kanta a danja ce, in ita ce batir AGM ko EFB take so, kada ka kuskura ka sa mata na taksi.

Tashi ka ɗauko miltimeta. Kafin ka taɓa komi, ka kwanta ka leƙa ƙasan sitiyarin motar nan da tocila, ko ya ce maka ba a ƙara mata komi ba.