Amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa karatun jinya a Texas

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce hankalinki ya kwanta da kika ji Texas ta hana zubar da ciki, don kina ganin masu wannan fafutuka tafiyarsu ɗaya da tamu. Na fahimce ki, amma ki saurare ni kafin ki iso.

Tun 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta halasta zubar da ciki a faɗin ƙasar, sai a watan Yunin 2022 ta soke wannan hukunci, ta bar wa kowace jiha ta yi dokarta. Alƙalai uku da Trump ya naɗa suna cikin waɗanda suka yi rinjaye. Kin ga ke nan harkar ta daɗe da cakuɗewa da siyasar jam'iyyar Republican, ba imani kaɗai ke jan ta ba.

Akwai masu gaskiya a cikin masu wannan fafutuka, ba zan zalunce su ba. Cocin Katolika tana adawa da zubar da ciki, tana kuma adawa da hukuncin kisa, kuma za ki ga tsofaffin mata 'yan sa-kai suna raba madara da kayan jarirai kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan siyasar. Texas ɗin nan da ke kare ɗan tayi ta ƙi faɗaɗa Medicaid, inshorar lafiyar talakawa, duk da cewa a 2023 ta tsawaita wa masu jego ita zuwa shekara guda. Babu dokar tarayya da ta tilasta biyan albashi a hutun haihuwa. Hutun da dokar tarayya ta ba da makonni 12 ne ba ko sisi, shi ma ba kowa ke samu ba. Mace ta haihu, jikinta bai gama warwarewa ba, ta koma tsayuwa a kanti. Matan baƙar fata kuwa, wato mu, mutuwarsu sanadin ciki da haihuwa ta kusan ninka ta farare sau uku. Wanda ya ce rai yake karewa, ai bai kamata kulawarsa ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa ba.

Sannan ki tuna malamanmu, har na Malikiyya da suka fi tsauri, sun fifita ran uwa idan cikin zai halaka ta. Dokar Texas ma ta yi wannan togaciya, sai dai likitan da aka samu da laifi zai iya fuskantar ɗaurin rai da rai. Tsoron haka ya sa an sha samun mata da ruwansu ya fashe tun cikin bai isa rayuwa ba, likita yana jan ƙafa, yana jiran shawarar lauyan asibiti, zazzaɓi kuma yana ta hawa. A irin wannan ɗaki za ki koyi aiki, don haka ki nemi ƙa'idar asibitinku a rubuce tun makon farko, ki san wanda za ki kira idan majinyaciya ta fara galabaita.

Ki gaida Umma. Allah Ya kawo ki lafiya.