Furodusa Yana Son Sayen Waƙata

TAMBAYA: Malam, na buga waƙata ta farko a wani situdiyo, yanzu wani furodusa yana so ya saye ta ya saka a fim. In sayar masa? Daga wani matashi a Gusau.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka karɓi ko sisi sai kun rubuta yarjejeniya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta amince da mallaka wa wani waƙa da fatar baki ba, kuma haƙƙinka a kan baitoci da karin waƙar yana nan har shekara 70 bayan rasuwarka, domin haka abin da kake shirin rabuwa da shi gadon 'ya'yanka ne.

Shawarata ita ce ka ba shi izinin amfani da ita a wannan fim kaɗai, ka riƙe ikon ɗora ta a YouTube da Audiomack da rera ta a wajen biki, a kuma rubuta sunanka a jikin fim ɗin. Sannan ka koma wurin wanda ya haɗa maka kiɗa, domin shi ma yana da haƙƙi, ku rubuta rabon kowa, ku sa hannu a gaban shaidu, ka karɓi ainihin sautin a filashi ka adana.