Hadari Na Haɗuwa, Ruwa Ya Ƙi Sauka

Tambaya: Malamai, sau da yawa hadari kan haɗu, ga zafi ga gumi, sai ya watse ko ɗigo babu, a yi makonni a haka. Me ke hana ruwan sauka? Kuma me ya sa fari ke kama wani yanki ya bar maƙwabcinsa?

Amsa: Malam, danshi shi kaɗai ba ya kawo ruwa, sai iskar da ke ɗauke da shi ta hau sama. Can sanyi zai kama ta, tururin ya taru ya zama gajimare. Fari kuwa yakan soma ne inda iska ke saukowa daga sama. Tana saukowa tana ƙara zafi, kusan digiri 10 na Salshiyas a kowace kilomita ɗaya, ta bushe, ta zauna kamar murfi a kan iskar ƙasa. Gajimaren da ya taso, da ya kai nan sai ya baje. Masana na kiran irin wannan wuri yankin matsin iska mai ƙarfi. Kwana biyu zuwa uku ba damuwa. Amma idan ya kafe makonni, kamar yadda ya faru a Rasha a 2010, ƙasa ta bushe. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne busasshiyar ƙasa ba ta ba iska tururi, zafin rana duk ya koma gasa iskar, fari ya riƙa ciyar da kansa.

Batun maƙwabta kuwa, duba Afirka ta Yamma. Iska biyu ke karo: mai danshi daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, da busasshiya daga Sahara ta arewa maso gabas. Mahaɗarsu na matsawa arewa har watan Agusta. Ruwa mai yawa ba a kan mahaɗar yake sauka ba, sai ɗaruruwan kilomita kudu da ita, inda iska mai danshi ta yi kauri. Shekarar da wannan iska ta yi rauni, Sahel kan rasa ruwa. An ga haka a 1972 zuwa 1973, da kuma 1984.

Canjin ɗumin teku ne kan karkata waɗannan iskoki. El Nino, wato ƙarin ɗumin ruwan gabashin Tekun Pasifik, a 2015 ya zo da fari a Habasha da kudancin Afirka, La Nina kuwa, wato sanyayar ruwan wannan yanki na teku, ta taimaka wajen gazawar damina biyar a jere a Somaliya da sassan Kenya da Habasha daga 2020. Don haka manomi ya nemi hasashen damina tun kafin shuka, kada ya dogara da ruwan farko.